Kukan Akwatin Alhaji Ilu

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Alhaji Ilu a Ƙanƙara bayan la'asar ya san abin da yake yi kafin ya kunna akwatin nan nasa. Sai ya ɗaga ɗan yatsa sama, ya karkata kai, ya saurari unguwa gaba ɗayanta. In akwai rediyo a kunne a gidan maƙwabci, ya aika a rage. In akuya na kuka, a kwance ta a kai bayan gida. In mai tallan fura ta ratso, ya sayi furar ko ba ya sha, don dai ta tafi da muryarta. Sai ya tabbata ba motsin komai, sannan ya ce, "Abu zai yi magana, a yi kurum." To me abun yake faɗa? Ɗit. Ɗot. Shi ke nan fa. A kan wannan ɗit da ɗot ɗin ni da shi, ɗan kawuna, muka yi shekaru ba ma magana da juna, muna zaune gwiwa da gwiwa, kullum gabana na faɗuwa kada ɗayanmu ya mutu muna cikin gaba.

Shi ya sa raina ya ɓaci ranar sadakar bakwai, da na ji wasunku na cewa marigayi mutum ne mai sauƙin kai, wai bai taɓa faɗa da kowa ba. Ku ji tsoron Allah, jama'a. Wane sauƙin kai? Tare muka ɗauki makararsa, kuma na fi ku kuka, amma ba zan zauna a yi masa ƙarya ba, ko da ta yabo ce. Ban taɓa ganin mai taurin kai irin Alhaji Ilu ba, ni kuwa direban babbar mota ne, na ga mutane daga nan har bakin teku. Uwata ƙanwar ubansa ce, taubashina ne, saboda haka ina da ikon in faɗi abin da ku ba za ku iya faɗa ba.

Yaran yanzu da cinikin hatsi suka san shi, amma asalinsa makaɗi ne. Gangar noma ya gada a Pauwa, kuma ya iya. In aka kira gayya ya rataya gangarsa ya bi bayan samari, sai ka ga ragon da ba ya gama kunya biyu yana tsere da garma. Sai kuɗin mai suka shigo, lokacin muna cikin Jihar Kaduna, samari suka watse birni leburanci, kowa ya dawo da rikoda a kafaɗa. Wata damina aka kira shi gayya a 'Yargoje, ya isa da gangarsa ya tarar an rataye rikoda a reshen ɗorawa tana ta zuba kiɗan biki, mutane na noma abinsu. Ya tsaya ya kalla, ya gaya wa mai gonar kunyoyinsa za su fito a karkace, tun da kiɗan rawa aka sa wa masu garma. Ya juya ya koma gida, bai ƙara taɓa ganga ba. Ni na bi ta gonar daga baya, kunyoyin a miƙe suke sar. Da na gaya masa sai ya ce kwalta ce ta ɓata mini ido.

Cinikin hatsi ya karɓe shi, har ya sami abin zuwa Makka. Alhazan shekarar sun dawo da darduma da dabino da haƙorin zinariya, shi kuwa ya dawo da talabijin baƙi da fari da wani ɗan akwati mai igiya biyu. Talabijin ɗin ba ya kama kowace tasha a garinmu, wuta kuma ba ta iso unguwarmu ba. Da batirin mota ake kunnawa, batirin kuwa nawa ne, ni nake caja shi a motata tsakanin Sabuwa da Funtuwa. Wasan ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Farar sanda a dama, farar sanda a hagu, da wani ɗan ɗigo yana kai da kawowa. Mutum biyu ke yi, kowa da abin murɗawarsa a hannu, ka tare ɗigon da sandarka ka mayar wa abokin karawarka. In ya bugi sanda akwatin ya ce ɗit, in ya bugi bango ya ce ɗot, in ya wuce ka ya ja wata doguwar ƙara mai cin rai. Amma in ka fara, sai an kira magariba za ka tuna kana da iyali.

Ni mutum ne mai son kiɗa. Motata ba ta tashi sai da kaset a ciki, kuma duk ranar kasuwar 'Yankara sai na sayi sabo, na garaya ko na goge. To me zai hana mutum ya ji kiɗansa yana wasansa? Na kawo maganar cikin ladabi. Alhaji ya dube ni kamar na nemi in shiga masallaci da takalmi. Ya ce kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma, kuma ba a yi wa maƙeri kalangu sai in ana neman faɗa. Waɗanda suka ƙera akwatin nan ba mahaukata ba ne, sun ba shi nasa kiɗan daidai da aikinsa. Na ce masa wannan ba kiɗa ba ne, kukan gyare ne.

"Kai da ƙarar inji ta kashe ma kunne, mi ka sani?" in ji shi. "Makaɗin da ke cikin akwatin ga hannunka shike bi. Ka yi daidai shi hwaɗa ma, ka yi kure shi hwaɗa ma. Wancan na cikin kaset ɗinka kuwa, ko gidanku ya kama wuta waƙarshi kawai shike yi."

Da farko zauren cika yake yi. Malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma, har daga Faskari mutane ke hawo babur su zo kallo. Ɗaya bayan ɗaya ya kore su duka. Wani ya yi fito, wani ya rera waƙa ƙasa-ƙasa, wani gyaɗa kawai ya ɓara. Malamin asibitinmu, mutumin da ke yi wa Alhaji allura, an sallame shi saboda agogonsa na zamani ya yi kuka ana tsakiyar wasa. Ya ce ai ba da gangan ba ne. Alhaji ya ce ya je ya dawo in ya koya wa agogon ladabi.

Kun kuma tuna zuwan mijin 'yarsa Binta. Yaro ne malamin gona daga Faskari, ita ta ce shi take so, ya zo gaisuwa da wando mai faɗin ƙafa da tulin gashi a ka. Ya durƙusa ya gaisa yadda ya kamata, yana neman hanyar fita, don wa ke zama da suruki? Amma ranar Alhaji ba shi da abokin karawa, sai ya miƙa masa igiya. Yaro ya karɓa. Ashe ya iya, har Alhaji ya fara murmushi. Da yaron ya ga fuska sai ya saki jiki ya ce, "Baba, da an sa ɗan kiɗa da abin ya fi armashi. Akwai rikoda a babur ɗina." Alhaji ya kashe akwati ya tashi ya shiga gida. Hankalin Hajiya Abu, uwar Binta, ya tashi, ta aika a kira ni in ba da baki kada aure ya lalace. Na tarar da shi yana cin goro hankali kwance.

"Ɗiya na ba shi," in ji Alhaji. "Yaron kirki ne. Amma in ya sake taɓa igiyar nan, ban yahe ba."

Haka kuwa aka yi. Har yaron ya haifa masa jikoki, ko sau ɗaya bai wuce ƙofar zaure ba in akwati na kunne. Daga nan yake tsayawa yana leƙe.

Ƙarshe dai ni kaɗai na rage, don batir nawa ne, kuma ba a korar taubashi. Har lokacin ban taɓa cin sa ba, wannan gaskiya ce. Wani lokaci har ido yake rufewa don ya ba ni haushi, ya tare ɗigon da kunne. Ni kuwa ina zaune cikin shirun nan kamar a gidan makoki, kiɗana na jira a mota. Sai wata rana na kai masara Kano, na ga wata 'yar rikoda da ke shiga aljihu, mai siririyar waya da ake saƙalawa a kunne, kai kaɗai ke jin abinka. Na ce madalla, yau rigima ta ƙare. Shi ya ji gyarensa, ni in ji garayata, ba wanda ya shiga gonar wani.

Na zo na zauna, na ja hula ta rufe kunnuwana. Ya ɗaga yatsa, unguwa ta yi tsit, muka fara. Garaya na ratsa ni, hannuna ya yi sauƙi, ina ta mayar masa da ɗigo ta inda bai zata ba. Jama'a, na ci shi. Cin farko tun da akwatin ya zo garin nan. Ina murna, shi kuwa ƙafata yake kallo, ashe tana ta buga ƙasa ban sani ba. Ya miƙa hannu ya cire mini hula, ya zare wayar, garaya ta fito siririya.

"Mi ne ne wanga?"

"Kiɗana ne, a kunnena. Ya shiga naka?"

"Ka zo gidana, baƙo na magana, ka toshe kunne."

"Alhaji, cin ka na yi, ka haƙura."

"Ba ka ci ni ba. Hannunka na nan, ƙahwarka na gidan buki. Da rabin mutum na kara, ba a ƙirga shi."

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Kunnen nawa ne ko nasa? Kuɗina na saya, ban dami kowa ba, ko ƙudan da ke zauren bai ji komai ba. Na gaya masa zamanin ganga ya wuce, ya daina huce haushinsa a kaina, ba ni na rataye rikoda a ɗorawar 'Yargoje ba. Ya dube ni ya daɗe. Ya naɗe igiyoyinsa ya shiga gida. Har gobe ina nan a kan bakana, a maganar kunne ni ke da gaskiya.

Zance ya kai gaban limamin unguwa. Ya saurare mu, ya ce abin kunya ne manya da furfura su ɓata a kan wasan yara, kuma bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa ba, ko da sallama ce a riƙa yi. To wannan "ko da sallama ce" ita Alhaji ya riƙe, ya watsar da sauran wa'azin. In na shigo na yi sallama, ya amsa cikakkiya har da wabarakatuhu, yana kallon bango. Daga nan ba ƙari. Ko sannu da hanya babu, ko ya iyali babu. Da liman ya sake yi masa magana sai ya ce ai fatawarsa yake bi.

Kuma ban daina zuwa ba, shi ma bai daina shimfiɗa mini buzu ba. Wasan na mutum biyu ne, shi ya kore kowa, ni kuma babu wani akwatin daga nan har Funtuwa. In yana da magana sai ya gaya wa akwati. "Akwati, a hwaɗa ma mai batir wutarshi ta yi sanyi." Ni ma in ce, "Akwati, ce masa ya sayi nasa." Hajiya Abu ta aiko da tuwo mu ci a kwano ɗaya, ba mai ce wa wani miƙo ruwa. Aka yi suna a gidana ya zo da rago, ya ba ɗan'uwana ya ce a ba mai gida, alhali ina tsaye a gabansa. Ku kuna dariya, kuna cewa ai wasan taubasai ne. Ba wasa ba ne. Ni na san abin da nake ji in na kama sitiyari na ga gangaren Sheme, ina tunanin in yau motar nan ta ƙwace, da me zan je gaban Allah, da me zan bar shi.

Ta kuwa ƙwace wata rana, ina ɗauke da dawa daga Sabuwa. Na karye a ƙafa, aka kwantar da ni asibiti. Washegari sai ga Alhaji, rigarsa duk ƙura, idonsa ja wur. Ya yi sallama, na amsa. Ya zauna a gefen gado tun hantsi har rana ta yi sanyi, yana kora mini ƙuda da hularsa. Na ce yau dai zai yi magana, mutum ya ga ɗan'uwansa ya leƙa lahira ya dawo. Da zai tafi ya ajiye kwanon fura, ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi ƙarfen gadon ya ce, "Gado, a tambayi mai kwanciya ina ya aje batir." Da ina da ƙafa ranar da na bi shi da gudu.

Muna haka har kuɗin mai suka fara janyewa, kaya suka yi wuya a kasuwa, sabulu ma sai da layi. Wata la'asar ɗigo ya bugi sanda, ba mu ji komai ba. Alhaji ya girgiza akwatin, ya hura, ya ɗan mare shi. Hoto na nan, wasa na tafiya, murya ta ɗauke. Na kai shi wurin mai gyara a Funtuwa, na wuce da shi Kano, kowa ya ce abin da ya ƙone ba a shigowa da shi yanzu. Na dawo da shi bebe. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na ce yanzu kam ba yadda zai yi, gyare ya mutu, sai a haƙura da garaya. Na ɗauko rikodata na ajiye a tsakaninmu. Ya dube ta, ya dube ni, ya ajiye igiya ya shiga gida. Washegari bai fito ba, jibi ma haka.

Hajiya Abu ce ta tare ni a ƙofar gida. Ta ce ya daɗe yana fama da ciki da kumburin ƙafa yana ɓoyewa, wasan nan ne kawai ke tashinsa daga kan gado. Yanzu ya juya wa bango fuska, ko kunu ba ya sha. Ta ce, "Garba, ɗan'uwanka ba tashi zai yi ba. In kuna da magana, ku yi."

Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. Haushinsa, haushin akwatin, haushin waɗanda suka ƙera shi a can ƙasarsu suka jefo mana fitina. Mutum zai mutu, kuma ya fi son ya mutu da ya ce mini sannu. Na kinkimi talabijin, na kinkimi batir, na kutsa har ɗakinsa da rana tsaka ba tare da na jira izini ba. Na haɗa wayoyi, na danna masa igiya a hannu. Ya rame, hannun duk ƙashi. Ɗigo ya taso, ya murɗa a hankali ya tare shi, ɗaki shiru. Na ga zai saki igiyar. Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na ji bakina ya ce, "Ɗit." Ya tsaya. Ɗigo ya zo wurina na mayar, na ce, "Ɗit." Ya tashi sama ya dawo, na sake cewa, "Ɗit."

"Ɗot ne," in ji Alhaji. "Bango ya buga, jahili."

Kalmar da ya fara yi mini ke nan bayan duk shekarun nan. Jahili. Na ce in ya fi ni iyawa ya yi da kansa. Ya ce makaɗi ba ya yi wa kansa kiɗa, kuma ina makara, in riƙa bin hannunsa in daina bin idona. Na ce ni direba ne, ba lasifika ba. Ya ce ya sani, lasifika ta fi ni hankali. Muna ta yi, hawaye na zubo mini, ina sharewa da kafaɗa don hannuna na kan igiya.

Na ba wani direba motata na zauna a gida. Kullum bayan la'asar, ni da gemuna da 'ya'yana da suka kusa aure, in zauna a gefen gadonsa ina ɗit ina ɗot har bakina ya bushe, in ɗigo ya wuce in ja doguwar ƙarar nan iya ƙarfina. Mata na bayan zana suna toshe baki. Daga nan ne aka sa mini Garba Lasifika, kuma na san waɗanda suka fara, wasunsu na nan suna karanta wannan. Shi kuwa bakinsa ya buɗe, ya dinga zazzage abin da ya tara. Wai sunan da na sa wa ɗana na biyu bai dace ba. Wai kullum gabansa nake ci a kwano. Wai garayar da nake ji ma mai kaɗa ta bai iya ɗaure tsarkiya ba. A cikin ƙorafin ne ya ce ranar da motata ta faɗi bai iya sallar kirki ba, sai kuskure yake ta yi. Wannan ni ya duba ya gaya wa, ba akwati ba.

Ranar da hannunsa ya kasa murɗa igiya, ya sa aka fita aka bar mu.

"Garba, na yahe ma."

"Me na yi maka?"

"Ka sani."

"To ni ma na yafe maka."

"Ni mi na yi?"

Saura kaɗan mu tashi sabuwa. Shi ya fara dariya, har tari ya sarƙe shi, na tallabe shi na ba shi ruwa. Ya riƙe hannuna bai saki ba, ni ma ban zare ba. Bayan kwana kaɗan, ana tsakiyar yankan dawa, ya cika.

To ku daina cewa mai sauƙin kai ne. Mutum ne da ya cinye mini shekarun da za mu yi hira, ya bar mini 'yan makonni, su ma rabinsu zagi. Har yanzu ina jin haushinsa, kuma ba ni da wanda zan je in yi wa faɗan.

Ya Allah, ka ga dai mun yi magana kafin ya tafi. Kada ka kama mu da shekarun da muka ɓata. Ka jiƙan bawanka Alhaji Ilu, ka yalwata masa makwanci, ka sa ya huta. In tawa ta zo ka sa in cika da imani, ka sada ni da shi, don ban gama magana da shi ba. Amin.